Shekarar da Na Zama Ƙaramar Kwalba

Bana ma ruwa ya makara. Hadari yakan haɗo daga gabas da la'asar, ya yi baƙi ƙirin har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi, a koma a kwana cikin gumi. Shekaranjiya da wuta ta ɗauke, maƙwabciyata ta jiƙa buhu ta rataya a tagar ɗakinta saboda jaririnta. Ina wucewa warin jiƙaƙƙen buhun ya daki hancina, sai na tsinci kaina ina murza kan yatsuna kamar mai neman ƙaya. Ba ƙaya ba ce. Wata bazara ce ta dawo mini, ta shekaru goma sha wani abu baya, lokacin ina sabuwar ma'aikaciya a ɗakin awon jini na wani ƙaramin asibiti a gefen garin Tawa.

Daminar da ta gabaci bazarar nan ba ta yi ba. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Mazan Adar dama ba a raba su da tafiya biɗa, wato ci-rani, amma a shekarar nan tun ba a gama kaka ba suka kama hanya, aka bar ƙauyuka da mata da tsofaffi da yara. Da zafi ya shigo sosai, sai ka ga matan wajen Afala da Bambeye suna shigowa gari da itace a kan jakuna, jakunan ma ana hango haƙarƙarinsu daga nesa. Abincinsu ya koma anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su an zubar da ruwan, an sake jiƙawa an sake zubarwa, kafin su ciwu. To ruwan jiƙon ma ina yake? Rijiyoyi sun ja baya, guga sai ya dawo da laka.

Mu na cikin gari muna da albashi, ba zan yi ƙarya ba, amma babu gidan da bai cika da 'yan uwa daga ƙauye ba. A gidanmu ni ce da maigidana da 'ya'yanmu biyu da mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, sai baƙi masu zuwa da tafiya. Furar rana kullum ƙara mata ruwa ake, har ta kai kana kurɓa kana hango gindin ƙwarya. Famfo ba ya kawo ruwa sai gab da asuba, shi ma siriri kamar zare. Sai in tashi in jera bidojin roba, wato jarkokin ruwa, in bar Inna tana gadinsu da carbinta, in dama wa yara koko, in yi salla, in ɗora bido ɗaya a ka in nufi asibiti tun gari bai gama wayewa ba. Bidon nan shi ne abin faɗanmu da Inna kowace safiya. Takan ce ita tun da Allah ya yi ta ba ta taɓa jin inda mutane ke kwana da ƙishi ana kai wa buhu ruwa ba.

Gaskiyarta kuwa, buhu nake kai wa. Labari ne ya zo a rediyo cewa a wasu garuruwa can kudu, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, yara suna mutuwa da gubar dalma. Wasu daga mazanmu sun yi aiki a irin waɗannan wurare, sun dawo da kayan jikinsu da buhunan da suka ɗauki dutse, buhunan kuma suka zama shimfiɗar yara. Hankalin hukuma ya tashi, aka kawo mana wata 'yar na'ura mai auna dalma a jini. Ba ta fi rediyon hannu girma ba. A soki kan yatsan yaro, a ɗebi ɗigo guda, a gauraya shi da wani ruwan magani, a ɗiga mata, a ɗan jira, ta nuna lamba. In dalmar ta wuce abin da take iya aunawa, ba ta ba da lamba, sai dai ta nuna cewa abin ya fi ƙarfinta. Aibinta ɗaya, ta fi ni ƙin zafi, ni da aka sani da raki. Da rana ta ɗaga ɗaki ya ɗumama, sai ta yi alama ta ƙi aiki. Firiji yana nan a kusurwa, amma wuta ta fi zama a ɗauke, har ya koma ma'ajin kofuna. Shi ya sa muke fara aiki daga sallar asuba mu tashi da hantsi, tagogi a rufe da jiƙaƙƙun buhuna, magungunan awo a cikin randa, randar kuma a binne cikin jiƙaƙƙen yashi. Kowa a cikinmu yana kawo bidonsa daga gida.

Shugabanmu a ɗakin awo Malam Isuhu ne, dogo siriri, ya kusa ritaya. Mutum ne da in ka gaishe shi sai ya dube ka tukuna kafin ya amsa, kamar gaisuwar ma sai ya auna ta. Na sha jin haushinsa a farkon zuwana, don ni mai gaggawa ce, shi kuwa ko gobara ake sai ya gyara zaman hularsa. Tare da na'urar an kawo wasu 'yan kwalabe biyu na jini wanda aka riga aka san yawan dalmar da ke cikinsa, ɗaya kaɗan, ɗaya da yawa. Muna ce musu ƙaramar kwalba da babbar kwalba. Dokar Malam ita ce, kafin a taɓa yatsan ɗan kowa, sai an fara ba na'ura jinin kwalaben nan. In ta faɗi abin da aka sani, a yi aiki. In ta kauce, a rufe ta, ko da layi ya kai bakin titi. Yakan ce ai mai sayen gero ma sai ta juya tiya ta duba gindinta kafin a fara mata awo. Doka ta biyu, a wanke hannun yaro da sabulu a bar shi ya bushe a iska, don ƙurar da ke kan fata tana iya shiga ɗigon jini ta sa na'ura ta yi ƙarya. Ta uku, duk yaron da yatsansa ya nuna dalma mai yawa, sai an sake ɗibar jininsa daga jijiyar hannu kafin a faɗa wa likita ya yanke magana.

Tsakiyar bazara ƙaramar kwalba ta ƙare. An aika Yamai, an ce tana tafe, kuma duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san tsawon wannan tafiya. Rannan sai Malam ya kira ni. Lokacin da aka kawo na'urar, masu koya mana aiki sun ɗebi jininmu mu ma'aikata, suka auna a nan, suka kuma tafi da sauran babban ɗakin awo na Yamai, sakamako ya zo daidai. Nawa ne ya fi na kowa ƙarancin dalma, wataƙila don ba na sa kwalli, wanda dutsensa ma dalma ce. Tun ina yarinya idona ba ya ɗaukarsa, hawaye yake sa ni. Malam ya ce tunda an san abin da ke cikin jinina, ni zan tsaya a madadin kwalbar. Bai ɓoye wa likita ko kowa ba cewa wannan dabara ce ta rashi, ba ƙa'ida ba, amma ta fi a yi awo a makance.

Haka na zama Ƙaramar Kwalba. Sunan ya bi ni har gida. Kowace safiya in wanke hannu, in miƙa wa Malam yatsa, ya soka, na'ura ta faɗi 'yar lambata da ba ta canzawa sai kaɗan, sannan a kira yaron farko. Yau wannan yatsa, gobe na kusa da shi, kafin a zagayo na farko bai gama warkewa ba. In na zo yanka tattasai da yamma sai na yi ta yarfa hannu ina tsaki. Maigidana ya ce shanu sun daina ba da nono a faɗin Adar, ni kaɗai ce aka samu ana tatsa. Na yi dariya, amma a raina ina jin wani ɗan alfahari da ban faɗa wa kowa ba.

Cikin haka A'i ta zo. Daga wani ƙauye take a arewacin Afala, ta hau amalanken masu itace tun jiya. Mace ce gajera, da baƙin zane na rini wanda ya sha wanki, goye da 'yarta Sahiya duk da yarinyar ta wuce goyo, don ta kai shekara huɗu. Yarinyar ta rame, cikinta yana ciwo, ba ta son abinci ko an samu, sai kuka. Matsalar ita ce yunwa da dalma kamanninsu ɗaya a fuskar yaro, ba ka rabewa da ido. Ƙanen mijin A'i yana cikin waɗanda suka dawo da buhuna, a kansu kuma yaran gidan suke kwana. Abin da na fara gani a fuskar Sahiya shi ne idanunta, an zizara musu kwalli rangaɗau, har da ɗan jan layi zuwa gefe. Ba su da sabon kaya ba su da man shafawa, amma uwar ba ta yarda ta shigo da 'yarta birni ba ado ba. Wannan bai ba mu mamaki ba, kusan duk yaran da ake kawowa haka suke zuwa. Malam yakan yi wa iyaye nasiha a kai, su ce to, su fita su manta.

A'i ta wanke hannun 'yarta a bakin ƙofa kamar yadda muka nuna mata, ta shigo da ita. Aka soka, aka ɗiga, muka jira. Na'ura ta ƙi ba da lamba, ta nuna abin ya fi ƙarfinta. Tun da muka fara aikin ba mu taɓa ganin haka ba. Malam ya miƙa hannu zai ɗauko allurar jijiya, sai alamar zafi ta fito. Hantsi ya yi, buhuna sun bushe ƙamas, aikin yau ya ƙare. Sai gobe.

Likitanmu saurayi ne ɗan Maradi, mai tausayi, ya taɓa ganin yaran da dalma ta kai ga farfaɗiya, kuma abin bai bar shi ba. Ya yi wa A'i bayani a hankali. In sakamakon nan gaskiya ne, dole a kai Sahiya wani babban asibiti mai nisa inda maganin fitar da dalma yake, a yi makonni ana ba ta, uwarta na tare da ita. Motar asibiti za ta tashi gobe da safe da wasu marasa lafiya, in ta tafi kuma ba a san ranar da za a sake samun mai ba. A'i ta saurara har ya gama, ta ce to, ta fita ta zauna gindin bedi, wato darbejiyar harabar asibiti.

Da na tashi aiki na tarar da ita a nan, ba ta da inda za ta. Na ce ta zo mu tafi gida. Ina tsoron bakin Inna, sai ga shi ita ce ta shimfiɗa mata tabarma, ta ɗebo mata daga furar da ta ajiye wa kanta. Bayan magariba muna zaune a tsakar gida, walƙiya tana wasa can gabas ba ko tsawa, A'i ta buɗe baki. Mijinta yana biɗa, tun tafiyarsa ba aike. Gonarsu ita kaɗai ta gyara ta, ta kwashe duwatsu, ta haƙa ramukan taren ruwa tun kafin zafi ya yi tsanani.

"Madam," ta ce, "iri na nan cikin gora, na bizne shi ƙarƙashin gado, ko surukata ba ta sani ba. In ruwa ya sauka ban nan, wa za ya shibka? In sunka ga ban dawo ba, tono shi za su yi su daka. Ba mugunta ta ba, yunwa ta."

Ta gyara wa Sahiya kwanciya a cinyarta, ta ci gaba.

"Amma in kun ce ɗiyata na mutuwa, in bar gona, in bar komi. Ku dai ku hwaɗa min gaskiya. Ni ban iya karatun abin ga naku."

Ban taɓa jin nauyin aikina kamar a daren nan ba. Da a wurina lamba lamba ce, in rubuta in miƙa. Yanzu ga mace a tabarmata, abincin gidanta na shekara yana gefe ɗaya, ran 'yarta yana gefe ɗaya, kuma ɗigon jini guda ne zai raba.

Da asuba kafin in tashi A'i ta share tsakar gida, ta jera bidoji, ta cika biyu. Baƙuwar da ba ta da abin bayarwa da aikinta take godiya, hana ta kuma cin fuska ne. Ita ta ɗaukar mini bidon asibiti a ka, ga goyo a baya. Da muka isa na tsuguna a bakin ƙofa zan wanke hannu, ta karɓi butar ta zuba mini, ta kama hannuwana ta tsane su da bakin zanenta tana sa mini albarka. Na shiga, na miƙa wa Malam yatsa kamar kullum.

Na'ura ta faɗi lambar da ba tawa ba. Ta ninka abin da muka saba gani har ban san sau nawa ba. Malam ya dubi lambar, ya dube ni. Ya ɗauko babbar kwalba ya ba na'ura, ta faɗi daidai. Ya sake kama hannuna ya soki yatsan kusa, muka jira, ta sake faɗin babbar lamba. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. In na'ura ta lalace, to sakamakon Sahiya na jiya ba abin dogaro ba ne, na yau ma ba zai zama ba. In kuwa lafiyarta lau, to ni ce na sha guba ban sani ba, sai tunanina ya tafi kan 'ya'yana da tukwanen da nake dafa musu abinci. A waje direba ya tayar da mota, an fara shigar da marasa lafiya.

Likita ya leƙo, Malam ya gaya masa halin da ake ciki ba ƙari ba ragi. Likita ya ce to in na'ura ta shiga shakka, gara a bi sakamakon jiya a tura yarinyar, asarar gona ta fi asarar rai sauƙi. Ban ga laifinsa ba, ko yau ban gani ba. Da ni ce a kujerarsa wataƙila abin da zan faɗa ke nan.

"Gaskiyarka, likita," in ji Malam. "Kai ad da iko ka tura ta, ba ni hana ka. Amma lamba dai ba ni da wadda zan ba ka. Ka roƙa min direba ya ɗan yi haƙuri."

Likita ya dubi tagar da hasken rana ya fara ratsa buhunta, ya fita wajen direba. Malam ya gyara zaman hularsa, abin da ya kusa sa in yi ihu, sannan ya juyo gare ni.

"Zainabu, daga tashinki zuwa nan, mi kinka taɓa?"

Na fara lissafa masa. Buta, tabarmar salla, ludayin koko, ƙofar gida. Bido ma yau ban ɗauka ba. Sabulu namu ne na kullum, ruwa na famfonmu ne. Ina cikin magana ya ɗauko farar auduga ya ɗan jiƙa ta, ya ja hannuna zuwa bakin ƙofa inda haske yake, ya goge tsakanin yatsuna da gefen farce. Audugar ta fito da wani ɗan duhu-duhu, in ka karkata ta yana ƙyalli. A lokacin na tuna bakin zane. Abin ya wuce ni ne don a wurinmu ba wani abu ba ne. Mace ta zuba maka ruwa ta tsane maka hannu tana maka addu'a, wa zai fizge hannunsa?

Aka kira A'i. Malam ya roƙe ta, cikin ladabi, ta nuna mana bakin zanenta. Akwai ƙulli a wurin, irin wanda kowace mace ta ƙauye take da shi, inda ake ajiye abin da ba a so ya ɓace. Ta kwance. Ɗan tandun kwalli ne na fata, ya tsufa har ya yi sheƙi, bakinsa a toshe da tsumma. Garin kwallin ya daɗe yana zuba cikin zanen kaɗan-kaɗan, baƙi a kan baƙi, ba mai gani. Malam ya tambaye ta ko jiya ma ta goge wa Sahiya hannu bayan wanki. Ta ce ƙwarai, ai ba a shiga wurin manya da jiƙaƙƙen hannu.

Daga nan sai tsere da rana. Ruwan bidona rabi ya tafi kan buhuna, sun kuma fara bushewa. Na wanke hannuna da sabulu, na ɗauraye, na sake wankewa har yatsun da suka sha suka suna zafi. Likita ya dawo da gorar ruwan shansa ya juye a kan buhun taga ɗaya, direba ma da ya ji labari ya kashe mota ya kawo nasa bidon ya jiƙa ɗayar. Na tsaya tsakiyar ɗaki hannuwana a sama kamar mai roƙon ruwa, ina jiran su bushe, ba wanda ya yi dariya. Malam ya soka. Muka jira. Na'ura ta faɗi 'yar tsohuwar lambata.

Sai Sahiya. Wannan karon ni na wanke mata hannu har gwiwar hannu, na riƙe ta a jikina, uwarta tana tsaye daga ƙofa an hana ta taɓawa, abin da na ga ya yi mata ciwo. Jijiyar yaron da ya sha yunwa ba ta da sauƙin samu, amma Malam ya same ta, duk da ihun da take yi. Ya gauraya, ya ɗiga. Muka jira, ruwa yana ɗiga daga buhu. Lamba ta fito. Malam bai faɗe ta ba sai da ya sake ba na'ura babbar kwalba ya ga ta faɗi daidai, kuma bai daɗe da gamawa ba alamar zafi ta bayyana.

Akwai dalma a jinin Sahiya, fiye da yadda ake so ga yaro, amma ba ta kai wadda ake tafiya dominta ba. Likita ya duba yarinyar ya sake dubawa, ya ce ta koma gida, ya haɗa ta da maganin ƙarin jini da abincin yara na asibiti, ya ce a dawo da ita bayan kaka a sake aunawa, in kuma ta yi ko alamar suma a taho da ita ko ana tsakiyar shuka. Mota ta tashi ba su.

Na zaci A'i za ta yi murna. Ba ta yi ba, sai ta tambayi abin da za ta yi don dalmar ta fita. Na bi ta gindin bedi ina gaya mata. A fitar da buhunan nan daga ɗaki a binne su nesa da gida, ta ce to. A riƙa wanke wa yara hannu kafin su ci abinci, ta ce to, in an samu ruwan. A daina sa wa Sahiya kwalli, don tana murza ido ta kai hannu baki, kullum tana haɗiyarsa kaɗan-kaɗan. Nan sai ta kama juya tandun a tafin hannunta.

"Na kakata na," ta ce. "Ita ta sa ma uwata, uwata ta sa min. Ɗiya ba kwalli, Madam, sai a ce uwatta ta mutu."

Na ce mata to ga ni, idona fayau tun haihuwa, kuma uwata tana nan da ranta, Allah ya ja kwananta.

"Ai ke tun jiya nike tausayinki," in ji ta.

Muka yi dariya mu biyu, dariyar farko da na ji daga bakinta. Na ɗauka maganar ta ƙare ke nan, ta shiga sahun masu cewa to su manta. Na juya zan koma ɗaki, sai ta kira ni ta ce in ba ta irin farar audugar nan ta Malam, da ɗan abin da ya rage a buta.

Ruwa ya sauka a makon nan, da iska da ƙanƙara, ya cire mana rufin kicin, Inna tana tsaye cikinsa tana hamdala. Sabuwar ƙaramar kwalba ta iso daga Yamai ana tsakiyar noma, yatsuna suka yi ritaya, sunan dai bai yi ba. Bayan kaka A'i ta dawo da Sahiya da ɗan ƙunshin wake, yarinyar ta yi kumatu, lambarta ta sauka. Ta ce gero bai yi yadda ake so ba, amma rumbu bai kwana wofi ba. Tun daga nan ban sake ganinsu ba.

Malam Isuhu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Yau ɗakin awonmu da hasken rana yake aiki, firiji ba ya ɗumi, ɗakin da sanyi har sai na yafa mayafi. Kwalabe suna zuwa kafin na hannu su ƙare, lokaci-lokaci ma a aiko mana da jinin da ba a faɗa mana abin da ke cikinsa ba, mu auna mu mayar, a ga ko mun faɗi daidai. Akwai famfo a bakin ƙofa da takardar tsane hannu. Abokan aikina suna yi mini tsiya wai duk uwar da ta shigo, kafin in dubi fuskarta sai na dubi bakin zanenta. Ban musa ba.

Amma da warin buhun nan ya dake ni shekaranjiya, ba na'ura na gani ba, ba lamba ba. A'i na gani a gindin bedi, ta zaunar da Sahiya tsakanin ƙafafunta, tana goge mata ido da jiƙaƙƙiyar auduga a hankali, ta juya audugar ta sake gogewa. Kwallin da aka fara sawa tun ranar suna ba ya fita da sauri. Yarinyar tana mutsu-mutsu, uwar tana lallashinta, har audugar ta yi baƙi, ruwan buta ya ƙare. Sannan ta tallafo haɓarta ta ɗaga fuskar zuwa haske, ta daɗe tana kallo, hawaye suna bin kuncinta suna tafiya da nata kwallin.

"Sahiya," ta ce, "ashe haka idonki yake."